Na Ɗauka

Sa'adiya, kashe fankar nan, tana watsa mana takardu.
Gobe da hantsi za a kira Ɗanjimma,
mu kuwa ba mu da kome sai shafi uku
da jandarma ya buga da yatsa biyu.

Karanta. A'a, ba da ido ba, da baki.
Takarda rijiyar Adar ce:
daga sama duhu kawai,
sai an zura guga ake jin ruwa.

Layi na tara: "Na ɗauka."
Mai gabatar da ƙara ya ja masa jan biro,
a wurinsa nan shari'a ta ƙare,
ɓarawon babur ya amsa da bakinsa.

Ni kuwa na je gidan kaso,
na zauna bisa benci, na kama bakina.
Shekara goma wannan darasi ya ci mini:
wanda ake tuhuma ba ya farawa da gaskiya,
ba ya farawa da ƙarya,
da tsoro yake farawa.
Ki bar tsoron ya tsiyaye tukuna.
Ya yi zancen tsohuwarsa a Kalfu,
da bashin da ya ci ya shiga kabu-kabu,
sai da gandiroba ya fara duban agogo
ya ce: "Metir, na ɗauka nawa ne."

Nawa ne.
Kalma biyu suka faɗi a hanya
tsakanin bakinsa da Faransancin takarda.
Tafinta ya tsinci ɗauka ta hannu,
ya zubar da ɗauka ta zuci.

Ban gaskata shi nan take ba. Ke ma kar ki saba.
Na taka tasha da ƙafata ranar kasuwa,
na ƙirga jan babur goma sha ɗaya
a inuwar dogon yaro guda,
kamar uwa ɗaya ta haife su.
Nasa fa? Mai faci ya ture shi baya
don motar albasa ta samu hanya.
Yana hannunsa har yau, ya yi ƙura,
wata huɗu ba wanda ya tambaya.

Gobe ke za ki tashi ga shaida.
Na'allah mai shayi ba maƙaryaci ba ne,
abin da ya gani ya gani.
Kar ki ɗaga masa murya; in kin kunyata dattijo,
alƙali zai rama masa a zuci.
Tambaya gajera, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai hawa tsani da ƙwai a aljihu.
Makullin ya juya?
Babur ɗin ya gusa?
Da aka yi ihu, ya ruga?
In ya ce a'a sau uku, zauna.

Zauna, na ce.
Ta huɗun ita ke cin mutum.
Na taɓa yin ta, ina sabon shiga,
riga na sheƙi, baki na ƙaiƙayi:
"To don me kake zarginsa?"
Shaida ya gyara tsayuwa, ya buɗe buhu.
Shekara biyar amsar nan ta ci wa wani makiyayi.
Har yau in na ga madara a ƙwarya
sunansa nake ji.

In kin zo jawabi, kar ki roƙi tausayi,
tausayi kuɗin wanda ba shi da hujja ne.
Ki nemi a maimaita kalmar da Hausa,
a gaban kowa, a hankali,
ki bar shiru ya yi sauran aikin.

Dare ya yi, Tawa ta kwanta,
sai karnukan bayan tasha.
Alƙali mutum ne, yana iya ƙi.
Kar ki ɗauka mun ci.
Ɗauki dosiyen, ki rufe taga,
ki kuma karanta layi na tara
kafin ki yi barci.